Titin Ɗana Mai Komawa Inda Ya Fito

Tun ranar da na sauko daga jirgi bakina bai huta ba. Wannan ta shigo, "Hajiya Kande, yaya Amurka?" Waccan ta aiko a tambaye ni ko gaskiya ne can kare ma yana da likitansa. Na ba da labarin a gidan suna, na ba da shi a gidan biki, har wajen zaman makoki sai da aka ja ni gefe. To, na gaji. Shi ya sa na zaunar da Malama Rabi ta ajin yaƙi da jahilci, na ce ta riƙe alƙalami ni in riƙe baki. Ban yi boko ba, amma abin da ido ya gani ba ya neman takardar shaida. Duk wadda ta sake tambayata, wannan zan miƙa mata, ta nemi mai karanta mata.

Kowa a Malumfashi ya san ni da abu biyu. Na farko daɓe. Shekara talatin da 'yan kai ba a kai amarya ɗaki a unguwarmu ba sai na bi ƙasan ɗakin da madaɓi, ni a gaba, mata a bayana, ina ba da waƙa suna amshi. Daɓena ko akuya ta taka sai ta nemi abin dafawa. Siminti ne ya zo ya kashe mana kasuwa, kuma har yau ban yafe masa ba.

Na biyu ɗana. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ɗan fari ne, don haka a takardar nan Mai Zane zan riƙa ce masa. Ubansa direban babbar mota ne, ya rasu a wata kwana a hanyar Jos yaron yana da shekara goma sha ɗaya. Da madaɓin nan na riƙe shi har ya gama Zariya, inda ya koyi zanen gine-gine. Ya yi aiki a Kaduna yana zana gidajen ma'aikata, aka tura shi Amurka ƙaro karatu, Turawa suka riƙe shi. Duk wasiƙar da ya aiko, in ana karanta mini, abin da kunnena ke kamawa shi ne "titi". Ni kuwa na ɗauki maganar na kai ta ko'ina. Ƙawata Hajiya Tabawa, wadda ɗanta ya gina kwalbatin bakin kasuwa, in ta fara "Injiniyana ya ce", sai in bari ta gama tsaf, in ce, "Allah ya yi albarka. Namu dai titunan Amurka yake yi." Sai ta haɗiye sauran. Shekara bakwai ina cin wannan tuwon.

Da daminar da ta biyo bayan canjin kuɗi ya aiko da tikiti. Ya ce titin farko da ya zana shi kaɗai, daga tushe har ƙarshe, an kusa gamawa, yana so in zo in sa masa albarka. Ya ce kuma ya sayi gida. Na haɗa daddawa da kuka da kilishi da goro da turaren wuta. Na ƙulla makuba, ɓawon ɗorawar da muke jiƙawa mu yayyafa wa daɓe. Na sa madaɓina a tsakiyar zannuwa. Gida sabo, a ƙasar da matarsa Zainabu ba ta da dangi, wa zai daɓe mata ɗaki in ba ni ba?

Jirgi bai firgita ni ba, na je Makka. Amma jirgin Makka kowa ɗan'uwanka ne, wannan kuwa tun daga Kano kowa ya toshe kunne ya rungume hannu. Allah ya haɗa ni kujera da wata nas 'yar Pankshin, Rifkatu, tana aiki a wani asibiti can, gidanta a Takoma Park. Kirista ce, amma ita ke duba mini agogo tana cewa, "Mama, la'asar ta yi." Da aka kawo abinci na buɗe na ga ganye ɗanye an yayyanka, na ce, "Rifkatu, sun manta ba su dafa ba." Ta ce haka ake ci. Na ce to a kai wa mai shi, ni akuyata tana gida.

Mun sauka a wani garin Turawa don canjin jirgi, inda na haɗu da matakala mai tafiya da kanta. Na tsaya a gindinta ina lissafin wadda zan taka, kafin in ɗaga ƙafa ta wuce. Mutane suka taru a bayana. Da na ga abin ba zai ƙare ba, sai na yi bismilla na juya na zauna a kanta kamar mai hawan jaki, ta kai ni sama lafiya. Wani Bature ya tafa mini. Ban kula shi ba.

A bakin shiga Amurka ne aka yi ta. Mai duba fasfo wani baƙi ne ƙato, ka ce ɗan Daura, har na ce masa, "Sannu da aiki, ɗan nan." Ashe ko kalma ɗaya ta Hausa ba ya ji. Rifkatu ta matso ta zama tafinta.

"Mama, ya ce wajen wa kika zo?"

"Wajen yaron nan."

"Ya ce mene ne sunansa?"

"Ke Rifkatu, a garinku ba a yi wa ɗan fari kunya? Faɗa masa ba na faɗa."

Ta faɗa masa. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Mama, ya ce wace irin uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba?"

"Ce masa kwana biyu na yi ina naƙudarsa. In akwai wanda ya san sunan nan a duniya ni ce. Sani daban, faɗa daban."

"Mama, za su mayar da ke Kano fa!"

"Su mayar."

Yarinyar nan har gumi ya karyo mata. Can dabara ta zo mata, ta karɓi ambulan ɗin wasiƙarsa daga hannuna, ta karanta sunan da ƙarfi, ta ce in shi ne in gyaɗa kai. Na dubi gefe, na gyaɗa. Da ta yi wa mutumin bayanin al'adar, ya yi dariya har yana dafa tebur, ya ce shi uwarsa ba ta kiran cikakken sunansa sai ya yi laifi. Ya buga hatimi.

Masu binciken kaya suka kwashe kilishina, suka kwashe makubar, wai ba a shiga da ɓawon itace. Daddawa kuwa, wanda ya kwance ƙullin ya ja da baya taku uku, ya yi mini alama da hannu in ɗaure abina in tafi. Sai ya zaro madaɓi yana jujjuya shi, yana tambaya ko na duka ne. Na ce na duka ne, amma ƙasa ake duka. Na karɓa na nuna masa a kan teburinsa, sau ɗaya tak. Alƙalumansa suka yi tsalle. Ya miƙo mini abina da hannu biyu.

Mai Zane na jira a waje cikin kwat. Da ya hango ni ya zo ya durƙusa har ƙasa, Turawa na kewaye shi suna duba ko wani abu ya yar. Na kawar da kai na ce, "An same ku lafiya?" Shekara tara ban gan shi ba. Ya yi furfura biyu-uku a gefen kunne, daidai inda ubansa ya fara.

Gidansu a Wheaton yake. Na ƙwanƙwasa bango na ji ya amsa kamar akwatin lefe. Katako! Mutum ya yi shekaru yana karatun gini, ya ƙare a gidan katako. Ƙasan ɗakuna kuwa daga bango zuwa bango an shimfiɗe shi da wani kafet mai gashi kamar bayan rago, babu ko tafin hannu na ƙasa da zan daɓe. Na tura madaɓi ƙarƙashin gado.

Washegari na ce bari in ƙamsasa wa Zainabu gida. Na sa garwashi a kasko na barbaɗa turare. Hayaƙi bai gama tashi ba wani abu a rufin ɗaki ya fasa ihu kamar an taka wutsiyar aljani. Zainabu ta fito da gudu tana kaɗa masa tawul, tana cewa, "Inna, fitar da kaskon, yanzu 'yan kwana-kwana za su zo!" Ashe a ƙasar nan rufin ɗaki ma ɗan rahoto ne. Da yamma na ce a kai ni in gaida maƙwabta, don baƙon da bai gaida maƙwabci ba ɓarawo ne. Tsohuwar da ke kusa da mu ta buɗe ƙofa iya faɗin yatsu huɗu, da sarƙa a jiki, karenta na leƙe ta ƙasa sanye da riga. Wata da watanni suna katanga ɗaya, ranar ta fara sanin sunan Zainabu.

Tuwo daga kwali yake fitowa, wani farin gari da ake sayowa a kantin wani mutumin Gana mai Hausar zango. Ba laifi in yunwa ta yi yunwa. Rana kuwa ba ta san lokacin faɗuwa ba. Sai in yi alwalar magariba in zauna, alwala ta karye, in sake, ita tana nan tsaye.

Ranar Laraba ya ce mu je in ga titin. Na ɗaura zanena mai tsada. Muka hau wata hanya mai layi huɗu na zuwa, huɗu na dawowa, gada bisa gada. Na ce, "Wannan ce taka?"

"A'a, Inna, da saura."

Muka wuce Gaithersburg. Na ga wata ta ratsa ta sama kamar bakan gizo. "Wannan fa?"

"Da saura, Inna."

Gari ya ƙare, muka shiga gonakin masara da shanu, muka yi ta tafiya har muka tsaya a wata ƙofar waya. Ya hau da ni wani bene mai tsawo, ya nuna da hannu. "Ga shi nan."

Titi ne kam, baƙi wuluk, sumul, babu rami ko ɗaya. Amma a murɗe yake kamar hanjin rago a faranti. Na bi shi da ido: ya miƙe, ya karya dama, ya hau tudu, ya gangara, ya naɗe, ya sake naɗewa, sai ga shi ya dawo gindin benen da muke tsaye.

"Ina ya nufa?"

"Nan yake dawowa, Inna."

"Na ga ya dawo. Wane gari yake zuwa?"

"Ba ya zuwa gari. Na tseren motoci ne. Direbobi ke kewaya shi, wanda ya riga gamawa ya ci."

"Ya riga zuwa ina?"

"Nan ɗin dai."

"Kwanonin nan fa, dutse ne ya tare ka, ko gonar wani ce aka hana ka ratsawa?"

"Da gangan na yi su."

Ana cikin haka maigidansa ya hawo, wani tsohon Bature mai ɗingishi da sanda, wai shi ma da can direban tseren ne. Ya yi ta zuba, Mai Zane na fassarawa yana sunkuyar da kai. Wai ya tsinci yaron ne a wani ofis yana zana filin ajiye motoci. Wai shekara biyu ya sa shi zanen banɗakunan 'yan kallo, sannan rumfunan zama, sannan aka yarda ya gyara kwana ɗaya a tsohon titin wani. Wai bai taɓa ganin mai idon kwana irinsa ba, in wannan ya yi kyau ranar gwaji, wasu titunan biyu na jiransa. Ni duk abin da ke yawo a kaina fuskar Tabawa ce. Kwalbatinta ko ba komai jaki na bi ta kai ya isa kasuwa.

Ban yi magana ba sai da muka shiga mota, don ba a yi wa ɗa faɗa gaban maigidansa. Na ce, "Gudu a kwana ne ya mayar da ni gwauruwa, ya mayar da kai maraya. Yau kai ne ka zauna da hankalinka kana ƙera wa 'ya'yan mutane kwana, kana cewa su yi gudu. Albarkata ba ta hawa wannan titin. Ka tattara naka ya naka, jirgin da zai mayar da ni da kai zai tashi. Ko kwalbati ce ka je ka gina."

Ya ce, "To, Inna."

Yaron nan tun yana ƙarami bai taɓa musa mini ba, kuma na san yadda ya ce to, to ɗin ce. Zainabu ta yi kwana biyu tana kawo mini abinci ido jawur. Ranar Juma'a ya nuna mini wata farar ambulan, ya ce takardar barin aiki ce. Alfarma ɗaya ya roƙa: gobe Asabar ne gwaji, in bari ya miƙa aikin da hannunsa, sannan ya miƙa takardar. Na ce na yarda, kuma da ni za a.

Dalilina na zuwa daban ne. Tun ranar Laraba idona ya ga wani abin kunya. A bayan kowace kwana an zube tsakuwa fili guda, an baje ta, an tafi an bar ta haka nan sakaka, ƙafa na nutsewa. Aikin da ba a gama ba ke nan. Ko zai bar aiki, ɗan mai daɓe ba zai bar shi a ce ya zuba tsakuwa ya kasa daɓe ta ba. Na zaro madaɓi daga ƙarƙashin gado na naɗe shi a sallaya.

Da hantsi muka isa. Gwaji sai bayan azahar, shi kuma manya suka ja shi cikin ofis. Ya zaunar da ni a inuwa da lemo, ya ce kada in je ko'ina. Yana juya baya na ɗauki butata na nufi babbar kwanar da ke ƙasan gangare, wadda tsakuwarta ta fi yawa.

Tsakuwar ƙanana ce masu santsi, ba ta kama juna sai da ƙasa. Allah da ikonsa, gefen wurin jar ƙasa ce irin ta gida. Wasu lebura huɗu na dasa ciyawa a kusa, ba Turanci suke yi ba, wani yare ne daban, don haka ni da su muka zama ɗaya: hannu ya yi magana. Sun gan ni tare da Mai Zane, sun san uwar mai aiki ce. Na nuna ƙasa, na nuna baro, na nuna tsakuwa. Suka dubi juna, suka fara ɗebowa. Ɗaya ya jawo mesar ruwa. Na ɗaure ɗankwali a ƙugu, na cakuɗa, na baje, na durƙusa na ɗaga madaɓi.

Wayyo daɗi! Shekara shida rabona da shi. Hannu ya tuna, baya ya tuna, waƙa ta zo da kanta:

"Kwanta ƙasa, kwanta,
mai ɗaki tana tafe."

Leburan nan suka samo guntayen katako suka jeru a bayana. Ba su san abin da suke faɗa ba, amma amshinsu ya fi na wasu matan unguwarmu. Kafin rana ta take tsaka mun daɓe wuri ya kai faɗin ɗaki biyu, ya kwanta lif yana ƙyalli. Ko babu makuba, na dube shi na ce Amurka ta ga aiki.

Sai na ji ana kwarara kira, "Inna! Inna!" Na ɗaga kai na ga Mai Zane ya yanko ta cikin ciyawa da gudu, kwat na tashi a bayansa, tsohon Baturen na ɗingisowa can nesa. Yana isowa ya kama madaɓin a sama kafin ya sauka. Tun da na haife shi bai taɓa riƙe mini hannu ba.

"Inna, me kika yi?"

"Abin da ka kasa. Sakar mini."

"Ba a daɓe ta! Da gangan aka bar ta haka!"

"Komai naka da gangan ne? Kwana da gangan, aikin ƙazanta da gangan?"

Ya yar da kwat, ya yi wa leburan magana, aka kawo diga da manjagara da shebur. Ina tsaye ina kallo ɗan da na haifa ya sa diga a daɓena. Ina so Malama Rabi ta rubuta wannan da kyau: mutum biyar, da diga, sai da suka yi fiye da awa guda. Suka kwashe har ƙasar da na zuba, aka kawo sabuwar tsakuwa a mota, ya bi ta da manjagara da kansa yana tayar da ita kunya-kunya kamar gonar dankali. Tsohon Baturen ya taka ragowar daɓen da sandarsa, ya dube ni, ya cire hula. Ni dai na koma inuwa na juya musu baya. Na rantse a raina ko a jirgi ba zan yi masa magana ba.

Bayan azahar aka saki motocin. Ba motoci ba ne, ƙwari ne masu taya: a ƙasa suke kamar kunkuru, mutum ɗaya a ciki da hular kwano, ƙara kuwa har cikin haƙori. Mai Zane ya tsaya kusa da ni a kan benen, rigarsa duk jar ƙasa. Suka kewaya sau ɗaya, sau biyu, na daina ƙirgawa. Can wata ja ta gangaro babbar kwanar nan, maimakon ta karya sai ta juya kamar mazari, ta bar titi ta yi waje gadan-gadan, ta nufi katanga.

Na rufe ido na saki salati. Shekara ashirin da biyar ina ganin wannan a mafarki, ban taɓa ganinsa da rana ba.

"Inna, buɗe ido."

Na buɗe. Ƙura ta lafa. Motar ta nutse cikin tsakuwa har ciki, daidai wurin da na yi waƙa da safe, tsakaninta da katanga bai fi tsawon tabarma biyu ba. Direban ya fito da ƙafafunsa, ya cire hular kwano, ya kai wa tayar motar shuri, ya kama hanya yana faɗa da iska. Yaro ne ƙarami, ko gemu bai tsayar ba.

Ba sai an yi mini karatu ba. Na san daɓena. Da motar nan ta hau kansa, da sai katanga ta tare ta.

Mai Zane ya yi magana a hankali, idonsa na kan kwanar. "Ina Zariya na je inda Baba ya faɗi, na auna wurin da igiya. Gangarensa da karyawarsa, su ne waɗannan, ban canza komai ba. Can abin da ke bayan kwanar rami ne da dutse. Direba ya yi kuskure sau ɗaya, shi ke nan. Mutane ba za su daina gudu ba, Inna, ko na zana ko ban zana ba. Ni aikina in sa wa mai kuskure inda zai faɗi ya tashi."

Ƙasa ana ta jan motar da igiya, yaron ya dawo yana ba su umarni kamar ba shi ya jefa ta ba. Wata mata can cikin rumfa ta rugo ta rungume shi tana dukan ƙirjinsa. Ko ba a faɗa ba na san wace ce.

Na ce, "Ina takardar nan ta jiya?"

Ya ɗauko ta daga aljihun kwat ya miƙo. Na jujjuya ta. Takarda ce mai kauri, mai kyau.

"Wannan ce ta barin aikin?"

"Ita ce."

Na tsiyaya mata ruwan buta, na kwance gorona da ganyensa ya bushe tun a jirgi, na naɗe shi a ciki na soke a lalita. Na ce, "Allah ya yi wa aikin albarka. Allah ya sa duk wanda ya hau ya sauka da ƙafarsa." Ya durƙusa nan kan benen yana amin. Na kawar da kai, don tsohon Baturen na kallo.

Da aka tashi ya ce in shiga motarsa ya kewaya da ni sau ɗaya. Yana ta lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai. Da muka fito miƙaƙƙen wurin na ce, "Kai, haka ubanka ya koya maka tuƙi? Ɗan taka ta mana." Zainabu har yau ba ta yarda na faɗi haka ba.

Madaɓin can na baro shi. Ya rataye shi a bangon ofishinsa, sama da teburin zane, wai duk wanda ya tambaya zai ce masa wannan ne makarantarsa ta farko. Na ce ya ƙara da cewa sai da aka sa diga.

Na dawo da kwana biyu Hajiya Tabawa ta zo sannu da zuwa. Ashe labari ya riga ni, wani ɗan garinmu da ke karatu can ya rubuto. Ta karɓi tsarabarta, ta gyara zama, ta ce, "Hajiya, ashe titin namu ba ya zuwa ko'ina? Wai inda aka tashi nan ake dawowa?"

Na ɓare goro daga cikin takardar nan, na miƙa mata rabi.

"Haka ne, Tabawa. Titin da ke zuwa wani wuri ai na san shi, shi ya tafi da Malam, uban yaron nan, bai dawo da shi ba. Na yaron nan kuwa, duk wanda ya hau sai ya dawo da shi inda uwarsa ke jira. In Injiniyanki ya iya irinsa, ki aiko a faɗa mini, in zo in daɓe masa."